Gado da lalacewar huhu a tarin fuka

Tarin fuka, ko tibi, cuta ce da ƙwayar Mycobacterium tuberculosis ke haddasawa, wadda Robert Koch ya gano a shekarar 1882. Mutum biyu kan kamu da ita a gida ɗaya, su sha magani iri ɗaya na wata shida, ɗaya ya warke sarai, ɗayan kuma a bar shi da tabo a huhu da yawan haki. Ƙwayoyin halittar da kowa ya gada daga iyayensa na cikin dalilan wannan bambanci.

Yadda huhu ke lalacewa

Garkuwar jiki ce ke yin mafi yawan ɓarnar. Idan ƙwayar cutar ta shiga huhu, ƙwayoyin garkuwa sukan kewaye ta su yi ɗan curi da ake kira giranuloma. In kumburin ya yi yawa, tsakiyar curin takan ruɓe, sinadarin MMP-1 ya cinye zaren da ke riƙe naman huhu, sai rami ya samu. Masu irin wannan rami sun fi yin tari da jini, sun kuma fi yaɗa cutar.

Bincike

A 1998 wani bincike a Gambiya ya danganta ƙwayar halittar NRAMP1 da saurin kamuwa da tibi. A 2010 an gano wani gurbi makamancin haka a kan kuromosom na 18 a tsakanin mutanen Ghana da Gambiya. Su dai waɗannan sun shafi kamuwa ne kawai.

Wadda ta shafi ƙarfin kumburi ita ce LTA4H. An fara gane aikinta a jikin wani ƙaramin kifi, sannan a masu tibin ƙwaƙwalwa a ƙasar Biyetnam. Wanda ya gaji nau'i mai rage kumburi daga uwa da uba, ƙwayar cutar kan yi masa yawa. Wanda ya gaji mai zafafa shi daga dukansu, garkuwarsa ce ke illata shi. Masu ɗaya daga kowane nau'i sun fi tsira.

A Najeriya

A Afirka ta Yamma akwai wani jinsin ƙwayar, Mycobacterium africanum, don haka sakamakon wata nahiya ba lallai ya dace da nan ba. Gado kuma ba shi kaɗai ke aiki ba: jinkirin zuwa asibiti, ƙanjamau, ciwon suga, shan taba da rashin abinci mai gina jiki duk suna ƙara ɓarnar. Gwajin majina da magani kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, ciki har da cibiyar horaswa ta ƙasa kan tarin fuka da kuturta da ke Saye, Zariya, a jihar Kaduna.