Dagona: Gandun Tsuntsayen Da Ke Bayan Gidanmu

In aka ce yawon shaƙatawa, yawancinmu Hausawan Potiskum hankalinmu can gida yake tafiya. Da Sallah mukan kwashi yara sai gidan zu na Kano, wanda aka kafa zamanin Gwamna Audu Baƙo a farkon shekarun 1970. Mai ɗan hali kuma ya nufi Yankari ta Bauci, wadda aka keɓe a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, ya yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki. To, madalla. Amma mutum nawa ne cikinmu ya taɓa taka Dagona?

Dagona ƙauye ne a ƙasar Bade, tsakanin Gashuwa da Nguru. Daga nan garin, hanyar Jakusko ce za ta kai mutum Gashuwa, hanyar da muke bi da lodin kaya ba dare ba rana. Gefen ƙauyen akwai tafki wanda ambaliyar kogi ke cikawa da damina. In hunturu ya kama, tsuntsaye na tasowa tun daga Turai, su ƙetare hamada, su sauka nan su tarar da na gida, irin su dinya da kirinjijiya da zalɓe. Kafin zafi ya tsananta sun juya. Ikon Allah ke nan, ba fasfo ba kuɗin mota.

Turawa sun riga mu sanin darajar wurin. A 1987 aka fara aikin kare fadamun Haɗeja da Nguru da taimakon ƙungiyoyin waje. A 1989 Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokaci, ya zo da ƙafarsa ya gani. A 1991, shekarar da aka yanko Jihar Yobe daga Borno, Gwamnatin Tarayya ta kafa Gandun Dajin Tafkin Cadi, Dagona ta shiga ciki tare da dausayin Bulatura na Yusufari. A 2008 kuma aka sa tafkin cikin jerin fadamun duniya masu muhimmanci, na yarjejeniyar Ramsar.

Yanzu ga inda maganar ta shafe mu. Ruwan nan daga ina yake? Kogin Haɗeja daga ƙasar Kano ya taso, ya gamu da na Jama'are, suka zama Kogin Yobe. Audu Baƙon nan da ya gina mana gidan zu, a zamaninsa aka gama Dam ɗin Tiga a 1974. Na Calawa ya biyo baya a 1992. Ba mai musun alherinsu. Tumatir da alkamar Kadawa da Kura shaida ne, kuma da yawanmu 'yan'uwanmu ne ke noman. Sai dai abin da aka tare a sama, na ƙasa ne ya rasa. Ambaliyar da ke malale fadama ta ragu. Sannan ruwan da ake saki kaɗan-kaɗan duk shekara, ba ya barin magudanai su bushe da rani, sai ciyawar kacalla ta samu wurin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, ta zama maɓoyar jan baki mai cinye shinkafa da gero.

Wani zai ce, mu 'yan kasuwa ina ruwanmu da tsuntsun Bature? A duba bandar kifi da shinkafar Gashuwa da ke shigowa kasuwarmu. A duba shanun da ke cin rani a fadamun nan kafin su iso kara. Ruwan da tsuntsun ke sauka a kai, shi ne dai ruwan masunci Babade da makiyayi Bafulatani, kuma daga hannunsu muke saye.

Mai niyyar zuwa ya auna tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin da baƙin tsuntsayen suka cika. Ya sammaka, ya fara neman ma'aikatan gandun kafin ya shiga, ya bar danƙon harbi na yara a gida.