Yadda Injiniyoyin Soja Suka Buɗe Ganuwar Bar Lev a 1973

Yaƙin kwana shida na watan Yunin 1967 ya ƙare ne da sojojin Isra'ila a gaɓar gabas ta mashigin ruwan Suwez, na Masar kuma a gaɓar yamma, ba abin da ya raba su sai ruwan da faɗinsa bai wuce mita 200 ba a mafi yawan wurare. Daga 1968 zuwa 1969 Isra'ila ta gina jerin sansanoni a gefen ruwan, aka sa musu sunan babban hafsan sojojinta na lokacin, Haim Bar Lev. A gaban sansanonin aka tara ganuwar yashi wadda a wasu wurare ta kai mita 20 a tsayi, aka kuma matso da ita har bakin ruwa, ta yadda duk motar yaƙin da ta iso gaɓa ba za ta sami inda za ta dafa ta hau ba.

Waɗanda suka gina ganuwar ba su ɗauka cewa ba mai iya fasa ta ba. Abin da suka dogara da shi lissafin lokaci ne. Rundunar Isra'ila ta ginu a kan sojojin ko-ta-kwana, waɗanda sai an kira su daga gidajensu da wuraren aikinsu, kuma hafsoshinta sun ƙiyasta cewa Misrawa za su ɗauki yini guda zuwa biyu kafin su huda yashin su shimfiɗa gadar da tanka za ta bi. A cikin wannan tazara jiragen sama da tankokin Isra'ila za su iso, su tarar da sojan ƙasa na Masar a fili ba tare da manyan makamai ba. Ke nan nasarar tsallakawa ta rataya ne a kan yawan sa'o'in da injiniyoyin Masar za su iya ragewa daga wannan lissafi.

Sun gwada hanyoyin da aka sani, ba wadda ta biya buƙata. Harsashin igwa da bam na jirgin sama nutsewa suke yi cikin yashi, ramin da suka haƙa kuma ya sake cikewa. Haɗa nakiya da katafila ya fi dama, amma kafa guda tana buƙatar mutum 60 da aikin sa'a biyar zuwa shida, a gaban bindigogin abokan gaba, alhali kowace kafa na nufin kwashe yashi wajen kubik mita 1,500, kuma shirin tsallakawar na Masar yana son kafa 70. A shekarar 1969 wani hafsan injiniya, Baƙi Zaki Yusuf, Kirista daga Kibɗawan Masar, ya kawo shawarar da ya samo daga aikin da ya yi a madatsar ruwa ta Aswan, inda ya ga ana kwashe tudun yashi da ruwa mai ƙarfi. Ruwan yana nan a mashigin, ba sai an ɗauko shi daga ko'ina ba. Abin da ya rage shi ne injin da zai tura shi da ƙarfin da ake so, wanda kuma bai fi ƙarfin ƙaramin jirgin ruwa ba.

Shugaban Masar Jamal Abdul Nasir ya rasu a 1970, Anwar Sadat ya gaje shi, amma gwaji bai tsaya ba. Masar ta sayi injinan tura ruwa 300 daga Ingila, daga baya ta ƙara 150 daga Jamus, waɗanda suka fi na farko ƙarfi. Sashen injiniyoyi, ƙarƙashin Janar Jamal Muhammad Ali, ya gina irin wannan ganuwa a cikin ƙasa, ya yi ta maimaita aikin dare da rana, har ya tabbatar cewa injin Ingila uku da na Jamus biyu suna buɗe kafa guda cikin sa'a biyu. Haka aka horar da masu harhaɗa gadoji na Tarayyar Sobiyet, waɗanda ake saukewa gunduwa-gunduwa daga bayan mota su buɗe a kan ruwa, aka kuma share hanyoyin da za su kai dubban motoci bakin mashigin ba tare da cunkoso ba. Babban hafsan sojoji, Janar Sa'ad Shazli, ya tsara wa kowace bataliya lokacinta da gadar da za ta bi.

Ranar Asabar 6 ga Oktoban 1973, wadda ta yi daidai da 10 ga Ramadan, kuma ranar Yom Kippur a wurin Yahudawa, da ƙarfe biyu na rana jiragen Masar sama da 200 suka ratsa zuwa Sina'i, a gabashin mashigin, manyan bindigogi wajen 2,000 suka buɗe wuta, Siriya kuma ta afka wa tuddan Golan a lokaci guda. Rukunin farko na sojan ƙasa, mutum 4,000 a kwale-kwalen roba 720, ya tsallaka ya hau ganuwar yana kafa tsanin igiya domin na baya. A bayansu injiniyoyi suka turo jiragensu ɗauke da injina, suka jefa bakin tiyo guda cikin ruwa, suka saita ɗayan a ƙirjin ganuwar. Yashin ya riƙa zaizayewa kamar yadda ruwan Agusta ke cin katangar ƙasa, yana gangarowa cikin mashigin. Da kafa ta buɗe sai a tarar ƙasanta ya zama taɓo, dole a shimfiɗa katako da duwatsu da buhunan yashi da ragar ƙarfe kafin tanka ta taka. Da misalin ƙarfe takwas da rabi na dare gadar farko ta fara aiki.

Aikin bai tafi daidai a ko'ina ba. A arewa, inda Runduna ta Biyu ta Masar take, yashin ya bi ruwa yadda aka gwada. A kudu kuwa, wajen Runduna ta Uku, ganuwar tana da yumɓu, wanda ya jiƙe ya zama laka mai kauri, aka yi jinkirin sa'o'i da yawa, wasu kafofin ma aka haƙura da su, shi ya sa 60 aka buɗe a maimakon 70. Jiragen Isra'ila sun yi ta kai wa gadojin hari, amma injiniyoyi suna rufe su da hayaƙi, suna cire gunduwar da ta lalace su sa wata, wani lokaci su janye gadar ɗungurungum zuwa wata kafa. Kafin hantsin 7 ga Oktoba, sojoji kusan 90,000 da tankoki 850 sun riga sun shiga Sina'i, tun sojojin ko-ta-kwana na Isra'ila suna kan hanya. Ranar 14 ga wata aka kashe Birgediya Ahmad Hamdi, ɗaya daga manyan injiniyoyin gadojin, yana tsaye a kan gyaran wata gada.

Juyin da yaƙin ya yi bayan haka, shi ma ta hannun injiniyoyi ya zo. A daren 15 ga Oktoba sojojin Isra'ila ƙarƙashin Ariel Sharon suka kutsa tsakanin rundunonin Masar biyu, suka isa Deversoir, arewa da Babban Tafki Mai Ɗaci, inda tun kafin yaƙi aka rage kaurin ganuwar aka yi wa wurin alama. Sojojin laima suka tsallaka a kwale-kwale, aka yi fiton tankokin farko a jirage, sa'annan aka gwabza ƙazamin faɗa a wurin da ake kira Gonar Sinawa domin buɗe hanyar da kayan gada za su bi. Ranar 17 aka kammala gadar Isra'ila ta farko, kwana biyu bayan haka aka tura wata mai nauyin tan 400, wadda tankoki suka jawo a harhaɗe ta cikin hamada. Ta waɗannan gadoji Isra'ila ta zuba rundunoni a yamma, ta yanke wa Runduna ta Uku hanya, kafin tsagaita wutar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta nema da ƙuduri na 338 ta kankama a ƙarshen watan.

An tashi daga yaƙin kowane ɓangare yana riƙe da ƙasa a gaɓar ɗayan, kuma wannan ne ya sa ba wanda ya iya ƙin zaman sulhu. Bayan an kwashe nakiyoyi da jiragen da suka nutse, aka sake buɗe mashigin ranar 5 ga Yunin 1975, shekara takwas bayan rufe shi a yaƙin 1967. Yarjejeniyar Camp David ta biyo baya a 1978, ta zaman lafiya a 1979, Isra'ila kuma ta kammala janyewa daga Sina'i a 1982, ban da Taba. Hanyar mota ta farko da aka haƙa a ƙarƙashin mashigin, arewa da birnin Suwez, sunan Ahmad Hamdi aka ba ta, kuma makarantun soja a ƙasashe da dama sun sa tsallakawar 6 ga Oktoba cikin darussan da ake koya wa hafsoshi.