Dala, Tiya da Buhun Siminti: Mafarin Koyar da Daidaiton Rabo a Kwalejojin Yankin Badagishiri

Tsakure: Maƙalar ta duba yadda ake koyar da lissafin daidaiton rabo a matakin kwaleji a Nijar, daga aji na 6e zuwa na 3e. Matsayinta shi ne a jinkirta ƙa'idar ninka lambobi a gicciye har ɗalibi ya fahimci dangantakar ninki da ke cikin ƙidayar kuɗi da awon hatsi na yankin Illela, Malbaza da Birnin Ƙwanni.

Yaron da ya tashi a Badagishiri yana shiga kwaleji da rabo guda a bakinsa, wato 1 ga 5. Bahaushen Nijar da dala yake ƙirga sefa: abin da aka rubuta 100 a jikin kuɗi dala ashirin ne, 500 dala ɗari, 1,000 kuwa jika. Duk wanda aka aika kasuwa yana sauya wannan lissafi zuwa wancan ba tare da alli ba. Muhimmancin wannan ya fito a aikin Gérard Vergnaud na 1983 kan tsarin ninki, inda ya bambanta hanyoyi biyu. Ta farko tana aiki cikin ma'auni ɗaya: idan tiya biyu ta gero jika guda ce, tiya huɗu jika biyu ke nan. Ta biyu tana neman lambar da ba ta sauyawa tsakanin ma'aunai biyu, kuma ita ce ta fi ba ɗalibai wuya. Ƙidayar dala misalin ta biyun ce tsaf, amma darasin da ake yi da Faransanci ba kasafai yake taɓa ta ba.

Illar fara darasi da ƙa'ida tana bayyana a kuskuren da binciken Kathleen Hart a Ingila ya fito da shi a 1981, wato yin ƙari a inda ake buƙatar ninki. A ce magini yana haɗa buhu 2 na simintin Malbaza da baro 6 na yashi, sai aka tambayi baro nawa buhu 5 zai ci. Ɗalibin da ya ga an ƙara buhu uku yakan ƙara baro uku, ya ce 9. Amsar 15 ce. Ƙa'idar gicciye za ta ba shi 15 idan ya jera lambobin daidai, sai dai ba ta gaya masa dalilin da 9 ta zama kuskure, ga shi in ya birkita jerin babu abin da zai ankarar da shi. Magini kuwa ya san kowane buhu yana tafiya da baro uku, kuma ya san kwaɓin baro 9 asarar siminti ne.

Ana iya cewa mai ƙirga dala ba ninkawa yake yi ba, haddace sunayen kuɗi kawai ya yi. Akwai gaskiya a nan, kuma binciken Carraher da Schliemann na 1985 kan yara masu talla a Recife ta Brazil ya nuna ƙwarewar ciniki ba ta bin yaro zuwa takarda da kanta. Sai dai haddar nan ita kanta jadawalin daidaito ce da ba a rubuta ba. Aikin malami shi ne ya rubuta ta a allo, sannan ya nemi abin da hadda ba ta kai ba: sefa 1,350 dala nawa ce? Kafin ɗalibi ya isa 270, dole ya tono lambar 5 da ke ɓoye. Batun cewa jarrabawar BEPC da Faransanci ake yin ta ma bai rushe hujjar ba, domin sunan abu a wani harshe ya fi saurin zama a kan wanda ya riga ya gane abin. Dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan gida gurbi a makaranta, kundin mulkin da aka zartar a Maris 2025 kuma ya ayyana Hausa harshen ƙasa.

Suka mafi ƙarfi ita ce kasuwa ba ta bin daidaito sau da yawa. Mai sarin albasar Galmi buhu hamsin ba ya biyan ninki hamsin na farashin buhu ɗaya, mai awo kuma yakan yi gyara ga wanda ya sayi da yawa. A ganin wannan maƙala, nan ne kasuwa ta fi littafi amfani, domin littafi yakan saba wa ɗalibi da zaton duk tambaya mai lambobi uku ta daidaito ce. Bakin iyakar Ƙwanni na ba da gwaji mai kyau. Tun 1999 yuro ɗaya sefa 655.957 ce, ba ta motsi, alhali canjin naira da sefa yana iya sauyawa tsakanin safe da yamma. Ɗalibin aji na 4e da aka ba shi jadawalin canjin biyu na mako guda, aka ce ya nuna wanne za a iya hasashen farashinsa na gobe da ninki kaɗai, dole ya fara tantance ko akwai lambar da ba ta sauyawa kafin ya ninka komai.