Daga Doki Zuwa Babur: Tarihin Mallaka da Gyaran Baburan Doguwar Tafiya a Potiskum

1.0 Gabatarwa

Idan ana zancen tarihin sufuri a Arewacin Nijeriya, an fi tuna raƙumi da jirgin ƙasa da babbar mota. Babur kuwa ba a cika ambatonsa ba, sai fa idan magana ta biyo ta kan acaɓa ko rashin tsaro. Alhali kuwa kafin ya zama abin neman kuɗin cefane, babur dukiya ce da ake mallaka, a yi tattalinta, a yi doguwar tafiya da ita, har a bar wa magada.

Abin da ya jawo hankalina ga wannan batu shi ne, lokacin da aiki ya raba ni da gida ya kawo ni Potiskum, na sa aka ɗoro mini Honda CD175 da na gada daga mahaifina, wanda malamin gona ne. Da ya ƙi tashi, na zaga gareji-gareji, amma shawarar da samarin makanikai suka yi ta ba ni ita ce in sayar wa 'yan gwangwan. Daga ƙarshe wani dattijo da ya koma gyaran janareta ne ya kasa kunne ga ƙarar injin, ya goge makunnar wuta, ya daidaita ta, babur ya tashi. Manufar wannan takarda ita ce ta bi diddigin yadda wannan sani ya samu, da yadda ya kai ga zama a hannun tsirarun dattawa.

2.0 Garin Hanya

Potiskum, ko Fataskum a bakin Hausawa, gari ne na Ngizim da Karekare da Bolewa da Fulani da Hausawa, kuma Hausa ce harshen kasuwa. A shekarar 1924 aka mayar da hedikwatar masarautar Fika zuwa garin. Jirgin ƙasa ya isa Nguru a 1930, ya isa Maiduguri a 1964 ta hanyar Gombe, amma bai bi ta Potiskum ba. Saboda haka arzikin garin ya rataya ne ga titi. A nan hanyar Kano da ta Bauchi suke haɗuwa su nufi Damaturu da Maiduguri, wata ta yi arewa zuwa Gashuwa, wata ta yi kudu zuwa Fika da Gombe. Kasuwar shanu da ta hatsi da tarin manyan motoci suka sa garin ya zama matattarar makanikai da maƙera da masu walda. Wannan shi ne muhallin da sana'ar gyaran babur ta tsiro a ciki.

3.0 Zamanin Baburan Ingila

Turawan mulki da 'yan mishan ne suka fara shigo da babur ƙasar nan, inda ya riƙa maye gurbin doki wajen rangadi da rani. Baburan wancan zamani ƙirar Ingila ne, irin su BSA da Triumph da Norton da Matchless. Suna da nauyi da ƙarfin ja, amma sun yi suna wajen yoyon baƙin mai. Misalin wahalar tafiya da su shi ne na wasu mata biyu 'yan Ingila, Theresa Wallach da Florence Blenkiron, waɗanda suka bar Landan a watan Disamba na 1934 a kan babur ƙirar Panther, suka ratsa Sahara. A Agadas sai da aka sake ɗaure injin gaba ɗaya kafin su gangaro ƙasar Hausa, kuma ba su isa ƙarshen Afirka ta Kudu ba sai a watan Yuli na 1935. Darasin a fili yake: a wancan lokaci, wanda bai iya gyara ba, ko ba shi da mai gyara a kusa, bai mallaki babur ba tukuna.

Da sannu akawuna da ma'aikatan En'e suka fara hawa, amma babur bai zama na kowa ba har bayan samun 'yancin kai a 1960.

4.0 Zamanin Baburan Japan

Sauyi na haƙiƙa ya zo ne da baburan Japan. Honda da Yamaha da Suzuki sun fi sauƙin kuɗi, ba sa yoyo, kuma ba su faye ba da wahala wajen tashi ba. Cikin ɗan lokaci suka durƙusar da masana'antar Ingila, har kamfanin BSA ya rushe a 1973. Wannan ya shafi bakanike kai tsaye. Ma'aunin notunan Ingila dabam yake da na Japan, don haka sai da ya sake safanu. Shi ma mahayi sai da ya sake koyo, domin giyar baburan Ingila a ƙafar dama take, ta Japan kuwa a hagu.

Abubuwa uku suka yaɗa babur a shekarun 1970. Na farko, ƙarin albashin Udoji, wanda aka biya a 1975 haɗe da ariyas. Na biyu, shirin ba da ilimin firamare kyauta na 1976 da ayyukan bunƙasa noma, waɗanda suka watsa malaman makaranta da malaman gona cikin ƙauyuka. Na uku, rancen sayen abin hawa da ake ba ma'aikata ana cirewa daga albashi. Bugu da ƙari, aka fara harhaɗa babura a cikin gida: an kafa kamfanin Honda na Nijeriya a 1979 da masana'antarsa a Ota, kamfanin Boulos yana harhaɗa Suzuki, John Holt kuma Yamaha.

Ya kamata a bambance tsakanin ire-iren baburan. Vespa ta Italiya ta 'yan birni ce, domin ƙananan ƙafafunta ba sa jure rairayi. Ƙananan Yamaha da Suzuki masu ƙona fetur haɗe da baƙin mai suna da zafin nama, amma suna hayaƙi, kuma fulogi yana yawan toshewa. Na doguwar tafiya su ne irin CD175, wanda aka yi ta ƙerawa daga 1967 zuwa 1979, da magajinsa da aka fi sani da Rodmasta. Suna da fistin biyu, da faffaɗan sirdi, da murfin da ya rufe sarƙa ruf don kare ta daga ƙura. Da irinsu ma'aikaci yake ɗaukar tafiyar kilomita ɗari zuwa Damaturu ya dawo a yini guda. Shi kuwa CG125 da ya fito a 1975, an ƙera shi ne musamman domin ƙasashen da ba a cika sauya baƙin mai a kan kari ba.

5.0 Babur a Harshe da Al'ada

Ita kanta kalmar babur, akwai masu ganin kwaikwayon ƙarar inji ce, akwai kuma masu danganta ta da kalmar Larabcin Masar da Sudan mai irin wannan lafazi, wadda ke nufin inji ko jirgin ruwa mai tururi. Sunayen sassansa sun kasu kashi biyu. Kashi na farko aro ne daga Ingilishi da aka yi wa kwaskwarima. Sautin p ya koma f, kamar a fistin da faci. An raba baƙaƙen da suka haɗu ta hanyar cusa wasali, kamar a fulogi da kuloci da birki. Kashi na biyu kuwa faɗaɗa ma'anar kalmomin gida ne: sirdi, ƙafa, ƙaho, sarƙa, haƙori, goyo.

Wannan kashi na biyu ya nuna matsayin da Bahaushe ya ba babur. Ya ɗauke shi a matsayin dabbar hawa. Kamar doki, a zaure yake kwana, ana wanke shi, ana yi masa ado da tunto da madubai, ana fita kilisa da shi da yamma, kuma ba kowa ake ba aronsa ba.

6.0 Zamanin Tsuke Bakin Aljihu

Gwanintar gyara ta kai ƙololuwa ne a lokacin tsanani. Kafin 1986 naira kusan kunnen doki take da dalar Amurka. Bayan shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Janar Ibrahim Babangida, sai ga dala ɗaya ta kai naira 22 a farashin hukuma a 1994. Sabon babur ya gagari ma'aikaci, sabon kayan gyara ya yi tsada. Aka koma ga kwancen da ake kira Beljiyam, da kayan da fataken Nnewi suke kawowa.

Rashin uwa, in ji Hausawa, akan yi uwar ɗaki. Bakanike ya koyi yanka gasket daga kwali, da sake naɗa wayar kwayil, da kai silinda a rarake ta a sa fistin mafi girma, da haɗa babur ɗaya daga gawar biyu. Abin da ya ba da damar haka shi ne ƙirar baburan kanta: kusan kowane sashe ana iya kwance shi, a gyara, a mayar. Wannan sani ba a rubuce yake ba. Yaro yakan shafe shekaru a gaban maigida, daga wankin notuna da miƙa safana har ya kai ga sauke inji. A wannan zamani ne kuma acaɓa ta bunƙasa, babur ya fara tashi daga abin tattali zuwa abin haya.

7.0 Yankewar Zare

Abubuwa biyu suka yanke wannan zare. Na farko, shigowar baburan Sin irin su Jincheng, sannan Bajaj na Indiya, daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa na 2000. Arharsu ta sa sauya sashe ya fi gyara shi sauƙi. Makunnar wutarsu ma a rufe take cikin ɗan akwati, in ta mutu sai dai a jefar.

Na biyu shi ne rikicin Boko Haram, wanda babur ya shiga cikinsa tun farko. Takaddama kan dokar sa hular kwano ce ta haddasa arangama da jami'an tsaro a Maiduguri a watan Yuni na 2009, kuma tarzomar watan Yuli ta shafi Potiskum. Da maharan suka mayar da babur abin kai farmaki, sai aka hana hawansa a Maiduguri a 2011, a Yobe a 2012, Kano kuma ta hana acaɓa a 2013. Ba a ɗage dokar a Potiskum ba sai a watan Maris na 2022, lokacin da Gwamna Mai Mala Buni ya sassauta ta a ƙananan hukumomi goma.

Babu mai musun dalilin dokar, domin rai ya fi dukiya. Sai dai shekara goma ta isa a yaye almajirai rukuni biyu. A tsawon wannan lokaci wasu makanikai sun koma gyaran Keke Napep da janareta da injin ban ruwa, wasu sun yi ƙaura, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Tsofaffin baburan da aka jingine suka yi tsatsa, da dama aka sayar da su a kan sikeli. Da babur ya dawo, ya tarar da samarin da ba su taɓa ganin cikin injin mai fistin biyu ba.

8.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa babur ya gaji doki a ƙasar Fika da kewaye, kuma ya haifar da sana'a mai tsarin koyo da kalmomi nata na kanta. Ta kuma nuna cewa arha da rashin tsaro sun raba maigida da yaronsa kafin ya gama miƙa abin da ya sani. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, tsada ta sake tilasta wa jama'a riƙon abin da suke da shi, don haka buƙatar gwanin gyara ta dawo. Ya rage ga sassan nazarin harsuna da kwalejojin fasaha, musamman ta tarayya da ke Potiskum, su zauna da sauran dattawan sana'ar, su naɗi bayanansu, su tattara kalmominsu cikin ƙamus. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, kuma waɗannan dattawa ba za su jira mu ba.