Tarihin Sake Tace Sautin Faya-fayan Hard Rock na Shekarun 1970

Kiɗan hard rock ya yi tashe a Birtaniya da Amurka daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa ƙarshen shekarun 1970. Asalinsa kiɗan bulus ne na baƙaƙen fatar Amurka, sai matasan Turawa suka ƙara masa nauyi: jitar lantarki da ake ƙure wa amfilifaya har muryarta ta yi kaushi, ganguna da ake duka da iyakar ƙarfi, jitar bas mai kauri, da mawaƙi mai ɗaga murya sama da su duka. Ƙungiyoyi uku na Ingila ake ɗauka a matsayin ginshiƙansa, wato Led Zeppelin da Black Sabbath da Deep Purple. Daga baya Aerosmith da Van Halen suka taso a Amurka, AC/DC kuma a Ostireliya. Har gobe ana sayar da faya-fayan waɗannan ƙungiyoyi, sai dai abin da mai sauraro ke ji a yau ba lallai ba ne ya zo daidai da abin da aka ji a 1972, domin galibinsu an sake tace sautinsu sau biyu, sau uku, ko fiye da haka.

Yadda aka naɗi kiɗan

A wancan zamani kan tef ake naɗar kiɗa. Manyan situdiyo suna amfani da tef mai layi takwas, sannan mai layi 16, daga bisani mai layi 24 wanda faɗinsa inci biyu ne. Kowane abin kiɗa da layinsa: ganguna daban, jita daban, murya daban. Idan an gama ɗauka sai injiniya da furodusa su zauna su haɗa layukan, su ɗaga wannan su rage wancan, su juye sakamakon a kan siririn tef mai layi biyu, na hagu da na dama. Wannan shi ne uwar tef, kuma daga gare shi kowane bugu na kundin yake samo asali.

Yawancin shahararrun kundayen an yi su ne cikin gaggawa ko a wuraren da ba a gina don naɗar sauti ba. Black Sabbath, 'yan unguwar Aston ta birnin Birmingham, sun naɗi kundinsu na farko cikin yini guda, aka fitar da shi ranar 13 ga Fabrairu, 1970. Led Zeppelin sun ɗauki wani ɓangare na kundinsu na huɗu, na 1971, a wani tsohon gida mai suna Headley Grange a yankin Hampshire, da motar naɗar sauti ta ƙungiyar Rolling Stones a girke a waje. A waƙar "When the Levee Breaks", injiniya Andy Johns ya sa aka kafa gangunan John Bonham a zauren da ke ƙarƙashin matakalar bene, ya rataya makirfo biyu a sama, ya bar amon ginin ya shiga cikin kiɗan.

Wannan motar ce dai Deep Purple suka kai garin Montreux na ƙasar Switzalan a watan Disamba na 1971, da niyyar yin aiki a zauren gidan cacar garin. Ranar 4 ga watan gobara ta cinye ginin ana tsakiyar wasan Frank Zappa, abin da ya haifar da waƙar "Smoke on the Water". Dole suka koma Grand Hotel, wanda yake rufe saboda hunturu, suka jera kayan kiɗa a wani dogon lungu tsakanin ɗakuna, suka jingina katifu don tare amo. Kafin su je mota su saurari abin da suka ɗauka sai sun ratsa ɗakunan kwana da barandar waje cikin sanyi, don haka sau da yawa suke haƙura da sauraron. A haka aka yi Machine Head, wanda ya fito a 1972. Amon lungun da na matakalar suna nan cikin uwar tef, kuma su ne abin da kyakkyawar tacewa take ƙoƙarin fitowa da shi.

Iyakokin faifan garmaho

Tacewa ita ce aiki na ƙarshe kafin a kai kiɗa masana'anta. Mai tacewa yana daidaita kaurin sauti da sirantakarsa, ya daidaita ƙarfin waƙoƙi da juna, sannan ya yanka sautin da wata na'ura mai tsini a kan faifai mai laushi, wanda daga shi ake yin mazubin ƙarfe na buga dubban kwafi. Faifan garmaho yana da iyakokinsa. Kowane gefe ba ya ɗaukar abin da ya wuce minti ashirin da 'yan kai ba tare da an rage ƙarfin sauti ba. Kaurin bas yana buƙatar layi mai faɗi, idan kuma ya yi yawa allura takan yi tsalle. Sannan sauti yana raguwa a kyau yayin da allura ke kusantar tsakiyar faifai.

Ga kiɗan da ya dogara da nauyi, wannan babbar matsala ce. Bugun farko na Led Zeppelin II a Amurka, a 1969, Bob Ludwig ne ya yanka shi da ƙarfi da cikakken bas. Garmaho masu araha suka kasa riƙe shi, allura ta riƙa tsalle, sai kamfanin Atlantic ya sa aka sake yankawa da sauti mai sanyi. Kwafin da ke ɗauke da haruffan RL a kusa da tsakiyar faifai yau suna da tsada a wajen masu tara faya-fayai. Ban da haka, ba a aika uwar tef ƙasashen waje. Kwafinta ake aikawa Jamus ko Japan ko Kanada, kowace ƙasa ta yanka nata. Saboda haka tun a shekarun 1970 kundi ɗaya yana da sauti iri-iri.

Zuwan faifan CD

Kamfanonin Sony da Philips suka fito da faifan CD a 1982. Yana ɗaukar kusan minti 74, ba ya ƙaraf-ƙaraf, ba shi da matsalar allura, kuma tazarar da ke tsakanin sauti mafi sanyi da mafi ƙarfi a cikinsa ta zarce ta garmaho. Kamfanonin kiɗa suka ga kasuwa, suka shiga juye tsofaffin kundaye cikin hanzari. A lokuta da dama tef ɗin da ya fi kusa da hannu aka ɗauka, wanda kan zama kwafin kwafi, ko wanda aka riga aka rage wa bas saboda garmaho. Kamar kaset ɗin da aka kwafa daga wani kaset, kowane juyi yana ƙara shuu yana rage kaifi. Na'urorin mayar da sauti zuwa lambobin kwamfuta ma a lokacin ba su gama nuna ba.

Jimmy Page, mai jitar Led Zeppelin kuma furodusan dukkan kundayenta, bai gamsu da bugun CD na farko ba. A 1990 ya zauna da mai tacewa George Marino a situdiyon Sterling Sound da ke New York, suka koma kan tef na asali, aka fitar da akwati mai faifai huɗu. Ya yi kasuwa ƙwarai, sauran waƙoƙin suka biyo baya a 1993. Daga nan sake tacewa ta zama sana'a mai zaman kanta, kuma hanyar sake sayar wa mutum kundin da ya riga ya mallaka. Deep Purple in Rock ya sake fitowa a 1995, Machine Head a 1997, kowanne don cikarsa shekara 25, da ƙarin waƙoƙi da ɗan littafin tarihi. Kamfanin Castle ya sake fitar da kundayen Black Sabbath a 1996, Marino kuma ya tace na AC/DC a 2003.

Gasar ƙara

Ba kowace sabuwar tacewa ce ta fi tsohuwa ba. Sautin dijital yana da rufin da ba ya ƙetaruwa. Wanda yake son faifansa ya fi na wani ƙara, ba shi da hanya sai ya danne wuraren da sauti ya fi tashi, sannan ya ɗaga sauran gaba ɗaya. Daga tsakiyar shekarun 1990 na'urorin yin haka suka yawaita, kamfanoni suka shiga gasa, domin a sauraron farko kunne yakan ɗauki abin da ya fi ƙara a matsayin wanda ya fi daɗi. Abin da ake asara shi ne dukan ganga, wanda kan rasa kaifinsa, da kuma bambancin sanyi da zafi a cikin waƙa. "Stairway to Heaven" tana farawa da jitar katako da sarewa, ganguna ba sa shigowa sai bayan minti huɗu. "Child in Time" ta Deep Purple tana hawa a hankali cikin kusan minti goma. Idan farkon irin waɗannan waƙoƙi ya yi ƙarfi ɗaya da ƙarshensu, ginin waƙar ya rushe.

Ana yawan kafa misali da Raw Power na ƙungiyar Stooges, kundin 1973 wanda mawaƙinta Iggy Pop ya sake haɗawa a 1997 da ƙarar da ta kai sauti yana tsagewa. Ƙorafin ya kai ƙololuwa a 2008 a kan sabon kundin Metallica mai suna Death Magnetic, inda masoya suka gano cewa sautin waƙoƙin a wasan bidiyo na Guitar Hero ya fi na faifan tsabta. Wannan ne ya sa wasu masu tara faya-fayai suka koma neman CD na shekarun 1980 da aka raina, domin duk da naƙasunsu ba a danne su ba.

Sake tacewa da sake haɗawa

Akwai bambanci tsakanin ayyuka biyu da kamfanoni ba koyaushe suke fayyacewa ba. Mai sake tacewa yana aiki ne da uwar tef mai layi biyu, ba zai iya ɗaga murya shi kaɗai ko rage jita ita kaɗai ba. Mai sake haɗawa kuwa yana komawa kan tef mai layuka da yawa, don haka yana iya sauya fasalin waƙa. A 1987 aka fitar da tsofaffin kundayen ZZ Top a CD, ciki har da Tres Hombres na 1973, bayan an ƙara wa gangunan amon da ake yayi a shekarun 1980. Sai a 2006 haɗin asali na Tres Hombres ya samu fitowa a CD. A 2002 aka wuce nan: kundaye biyu na farko na Ozzy Osbourne bayan barinsa Black Sabbath sun sake fitowa an goge bas ɗin Bob Daisley da gangunan Lee Kerslake, waɗanda ke shari'a da shi kan kuɗi, wasu makaɗa suka maye gurbinsu. Masoya suka yi ca, aka dawo da na asali a 2011. Tsarin da ya fi karɓuwa shi ne wanda aka bi a Machine Head na 1997: haɗin asali a faifai ɗaya, sabon haɗin Roger Glover, mai jitar bas na Deep Purple, a faifai na biyu.

Halin da tef yake ciki

Tef ba ya dawwama. Wasu nau'o'in da aka yi amfani da su daga tsakiyar shekarun 1970, musamman na kamfanin Ampex, manninsu yana shan danshi, sai tef ya yi danƙo ya riƙa barin ƙura a kan na'ura. Maganinsa shi ne a gasa shi na sa'o'i a tanda mai zafin kusan digiri 50, abin da ke ba da damar juye shi cikin 'yan kwanaki ko makonni. Bayan haka sai injiniya ya daidaita kan na'urar da gudunta da yadda aka naɗi tef ɗin tun farko. Wasu tef kuwa sun ɓace ko sun ƙone. Gobarar 1 ga Yuni, 2008 a harabar Universal da ke Los Angeles ta cinye ma'ajiyar tef, kuma sai a 2019 wani rahoton mujallar New York Times ya bayyana girman asarar, ko da yake kamfanin ya musanta alƙaluman.

Bugun zamani

Tsakanin Yuni 2014 da Yuli 2015 Page ya sake fitar da kundayen Led Zeppelin tara, tare da injiniya John Davis a situdiyon Metropolis na Landan. An juye tef ɗin da na'urori masu zurfin ɗauka fiye da na CD, kowane kundi kuma ya zo da faifan rakiya mai ɗauke da ƙarin naɗe-naɗen da galibi ba a taɓa fitarwa ba. A daidai wannan lokaci faifan garmaho ya farfaɗo. A 2022 yawan wanda aka sayar a Amurka ya zarce na CD, karo na farko tun 1987. A shekarar ce kuma aka gano cewa kamfanin Mobile Fidelity, wanda masu saye suka ɗauka yana yanka faifai kai tsaye daga tef, ya daɗe yana bi ta kwafin dijital ba tare da ya faɗa ba. Manhajojin sauraro ta intanet irin su Spotify kuma suna daidaita ƙarar waƙoƙi da kansu, abin da ya rage ribar danne sauti.

Masu nazarin waɗannan bugu suna duba abubuwa huɗu: wane tef aka yi amfani da shi, wa ya yi tacewar, an sake haɗawa ko ba a sake ba, da kuma yawan dannewar da aka yi. Idan za a kwatanta bugu biyu, ana fara daidaita ƙarfinsu, sannan a saurari wuri ɗaya a kowanne: dukan ƙaramar ganga, amon farantin ƙarfe na ganguna yana dushewa, rabuwar bas da jita, da shuu ɗin tef a farkon waƙa, wanda idan ya ɓace ɗungum alama ce ta an yi amfani da na'urar share hayaniya, mai iya tafiya da wani ɓangare na kiɗan. Sau da yawa sakamakon yakan bambanta daga kundi zuwa kundi, har a ƙungiya ɗaya: wani bugun garmaho na farko ya fi, wani na 1990, wani kuma na baya-bayan nan.