Tsohon Soja da Sulkensa



A wannan fitowa ina so mu tuna da kakana na wajen uwa, wanda gari duka ke kira Tsohon Soja. Manya sun san shi sarai. Yara kuwa ba su san komi nasa ba sai wata rigar ƙarfe da ke rataye a ɗakin da ya bari.

Yana saurayi Nasara suka ɗauke shi soja, cikin rundunar baƙaƙen da Faransa ta kafa a Senegal tun 1857. An kai shi yaƙin Indoshin, wanda aka fara a 1946 aka gama a 1954. Ya komo gida da lambar girma, da kunne ɗaya da ba ya ji. A 1959 Faransa ta yi dokar da ta daskarar da fanshon sojojin ƙasashen da suka sami mulkin kai, har abin da suke amsa ya zama kaɗan ƙwarai idan an gwada da na abokan yaƙinsu Faransawa. Ba a fara daidaitawa sosai ba sai a 2007, aka ƙarasa a 2011. Shi bai ga wannan rana ba. Da ɗan kuɗin nan da gonar gero ya riƙe gidansa, ya aurar da ƴaƴansa, ya sa jikoki lakwal. Ni kaina shi ya kama hannuna ya kai ni wurin mushe.

Amma abin da ya fi so a duniya shi ne hawan salla. Sulken nan gadon kakansa ne, wanda ya yi barde a zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, mai ganuwa da igwa, wanda ya rasu a 1884. Irin wannan kaya ya daɗe a ƙasar Hausa. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga wajen 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da sulke da kwalkwali. Sulke ƙananan zobba ne na ƙarfe da aka sarƙa, don kada takobi ya ci jiki. Lifidi kuma auduga ce da aka ɗinke da kauri, a rufe doki da mahayinsa saboda kibiya. Tun da Faransawa suka ci Damagaram a 1899, bayan faɗan Tirmini, bindiga ta kashe amfaninsu, suka koma kayan ado na ranar salla.

Kowace shekara, azumi na raba tsakiya, sai ya sauko da sulken, ya tara mu mu goge tsatsa da yashi da mai. Muna gogewa yana koya mana sunan kowane abu, da yadda ƴan lifida ke shiga gaba, barade na biye. Ran salla ya hau zuwa birni, ya yi sukuwa gaban fada da mashi a hannu. Labarin Indoshin kuwa, ko an tambaye shi sai ya kawar da zance.

Ga dalilin wannan rubutu. Dillalan kayan da suna zagaya ƙauyuka, kuma sun riga sun taya sulken. A gida ana ƙarancin hatsi, ba kuwa zan ga laifin wanda yunwa ta sa ya sayar ba. Shawarata ita ce ƙungiya ta tara kuɗi ta biya magada, kayan su tsaya a hannun maigari. Duk gidan da ke da takobi, ko garkuwa, ko takardar soja ta kakansa, ya sanar da magatakarda, ni zan zo da littafi in rubuta. Za mu tattauna a taron bayan salla.

Allah ya jiƙansa, ya jiƙan magabatanmu duka. Amin.