Ma'aikatar Gyaran Jiragen Ƙasa ta Swindon

Garin Swindon yana kudu maso yammacin Ingila, a kan layin dogon da ya haɗa Landan da Bristol. A nan kamfanin Great Western Railway ya gina babbar ma'aikatarsa. Wasu marubuta kan ce a 1841 aka kafa ta, amma a shekarar shugabannin kamfanin amincewa kawai suka yi da shawarar injiniya Daniel Gooch. Aiki bai kankama ba sai Janairun 1843, kuma wannan ce ta fi cancanta a riƙe.

Daga Landan zuwa Swindon ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, daga nan zuwa Bristol kuwa sai hawa da gangara, saboda haka a nan ake canza kan jirgi. Inda ake canza kai, dole a ajiye kanikawa da maƙera. Da gyara aka fara, a 1846 aka soma ƙera sababbin kawuna.

Rayuwar ma'aikatan ce ta fi cancantar a tsaya a kanta. Da yake tsohon garin ƙarami ne, kamfanin ya gina musu gidajen dutse kusan 300 daf da layin. A 1847, lokacin da aiki ya ja baya, aka kafa asusun lafiya: a cire ɗan wani abu daga albashin kowa, shi da iyalinsa su samu likita da magani. Wannan tsari ya yi shekara ɗari da ɗaya kafin gwamnati ta kawo irinsa ga ƙasa baki ɗaya a 1948. Jiniyar tururi ke tashin gari da asuba, dubban maza su bi ta ramin da ke ƙarƙashin dogo su shiga aiki. Kowace shekara cikin watan Yuli a rufe ƙofa, a kwashi iyalai kyauta a jirgi zuwa bakin teku. Wajen 1930 ma'aikatan sun kai kimanin 14,000.

A 1948 gwamnati ta karɓe reluwe. A 1960 aka ƙera Evening Star a nan, kan jirgi mai tururi na ƙarshe da hukumar jiragen ƙasan Birtaniya ta yi. An rufe ma'aikatar a Maris ɗin 1986.

An rushe wasu gine-ginen, wasu sun koma kantuna a 1997, sannan a 2000 aka buɗe gidan tarihin STEAM, inda aka ajiye injunan aiki da kawunan jiragen da aka ƙera a wurin. Wanda ya je ziyara, ya fara da unguwar ma'aikatan, sannan ya bi ta ramin ya shiga. Har yanzu a buɗe yake ga masu tafiya a ƙasa.